Faifan da Kwamfutar Baba Ta Ƙi Karɓa

Ni ma'aikaciyar jinya ce, a ɗakin wankin miki nake aiki. Na ga ƙafar da ta ruɓe har ƙashi, na kwance tsumman da aka naɗe ciwo da shi aka manta. Ina gamawa in wanke hannu in ci abincina, ko a jikina. Saboda haka in na ce shagon hoton Babanmu ya tayar mini da zuciya, a san ba raki ba ne.

Baba mai ɗaukar hoto ne tun kafin a haife mu. Shagonsa ɗan ƙarami ne a ƙasan wani bene, tsakanin mai aski da mai sayar da takalma. Lokacin da yake da lafiya ba ya zama sai ya goge gilashin kanta ya share ƙofa. Da hawan jini ya kwantar da shi, ɓarin jikinsa na hagu ya daina aiki, sai Yayana ya karɓi makulli. Mu biyu ne wurin Baba, Yaya da ni, Ummanmu kuwa ta daɗe da rasuwa.

Sai mai benen ya aiko cewa zai fasa ƙasan ya yi gyara, kowa ya kwashe kayansa. Baba bai tambayi kanta ko fitilu ba. Kwamfutar ce kawai a bakinsa.

"Auta," ya ce da ni, maganar na fita da ƙyar ta gefen baki, "duk aikina yana cikin akwatin nan. Har da hotunan uwarku. Ki sauke mini su a faifai kafin a fara jijjiga ta. Ta tsufa."

"Baba, ai yanzu an daina yayin faifai. Bari in je da filas, ɗan abin nan da ake cusa wa kwamfuta a kwashi kaya."

"Faifai nake so. Shi na sani."

Ban ja da shi ba. Washegari da na tashi daga aikin safe, ko fararen kayana ban cire ba, na biya na sayi ƙunshin faifan DVD sababbi, na jefa filas ɗina a jaka don ko-ta-kwana, na nufi shago.

Warin ne ya fara yi mini sannu da zuwa. Ba wari ɗaya ba ne, gauraye ne: tsohon hayaƙin taba, kifin gwangwani, safar da ta kwana a takalmi, da wani tsami-tsami da na kasa gane tushensa. Labulen da Baba ke sa mutane su tsaya a gabansa, mai zanen lambu, ya yi baƙi daidai tsayin hannu, alamar da shi ake goge yatsu. A kan kujerar masu ɗaukar hoto an jibge kwanuka. Ɗaya daga ciki har ya yi gashi.

Yaya na zaune gaban kwamfutar da singileti, yana cin burodi da kifi, yana kallon ƙwallo.

"A'a, likita ce da kanta. Bismillah, zo mu ci."

"Na ƙoshi, Yaya. Yaushe rabon da a share wurin nan?"

"Ai tashi za mu yi. Wa zai share wurin da za a fasa?"

Na gaya masa saƙon Baba. Ya lashe yatsa, ya ce to ai ba wani abu ba ne, aikin minti kaɗan ne. Ya ja kujera ya ba ni wuri. Madannan kwamfutar sun yi maiƙo har haruffan sun ɓace, tsakaninsu cike da ɓarɓashin burodi da ɓawon gyaɗa da wani abu da na tabbata farce ne. Na taɓa linzamin kwamfutar, ya manne mini a tafi. Na buɗe jaka na zaro safar hannu na sa.

"Kai, Auta, tiyata za ki yi?"

Na fara gwada filas, don in samu kwafi ɗaya a hannu tukuna. Ramin sa filas na farko an cusa masa cingam ya bushe a ciki. Na biyu ya yi tsatsa, da alamar shayi ya taɓa gangarawa ta nan. Na zagaya baya, na baya ma ko motsi.

"Sun daɗe da mutuwa," in ji Yaya. "Ban faɗa miki ba?"

Saura raita ke nan, wato ɗan akwatin nan mai tire da ke rubuta abu a kan faifai. Na danna maɓalli, ta yi gurnani, tiren bai fito ba. Yaya ya miƙo hannu ya ɗirka wa kwamfutar duka a ka. Na riƙe masa hannu, na tuna masa abin da Baba ya ce game da jijjiga. Sai ya zare tsinken da ke bakinsa ya zura a ɗan ramin da ke ƙasan tiren. Tiren ya turo kai a hankali. A kansa akwai ƙura, da ƙwan kyankyaso guda, mai sheƙi kamar ƙwayar wake. Yaya ya ɗauke shi da yatsa ya yar, ya mai da tsinken bakinsa.

Na juya kai na kalli bango.

Na goge tiren da auduga da sifirit, na ɗora sabon faifai, na tura. Ta juya shi, ta juya, ta yi shiru, sai ga rubutu a allo wai in saka faifan da ba komai a kansa. To ai shi na saka. Na fitar na mayar, amsa ɗaya. Na canza wani, na sake canza wani. Kowanne sai ta ɗanɗana ta tofar.

"Jabu aka sayar miki," Yaya ya ce. "Ku mata ba ku san faifai ba. Bari ki gani."

Ya jawo durowa. Ba zan lissafa abin da ke cikin durowar nan ba. Daga ƙarƙashin tarkacen ya zaro wasu faifan CD da ba gida, ya ɗaga ɗaya ga haske, ya tofa masa yawu, ya murza a cikin singiletinsa ya miƙo mini.

"Ajiye a kan tiren da kanka," na ce.

Abin mamaki, wannan ta karɓa. Amma faifan CD cikinsa kaɗan ne, ko aikin biki ɗaya ba zai ɗauke ba. Duk da haka na ce bari a gwada. Ta fara rubutu, layin da ke allo yana tafiya, yana kai tsakiya ta yi wani ƙara kamar ana niƙa tsakuwa, ta turo faifan waje. Ya lalace, ba ya karantuwa ba ya sake rubutuwa. Na rage gudun rubutun zuwa mafi ƙanƙanta, don na taɓa jin cewa tsofaffin raita ba sa son gaggawa. Na biyu ma ya mutu a hanya. Na rufe duk abin da ke buɗe a kwamfutar, na kashe ta na kunna. Na uku ya bi sahunsu. Yaya ya ɗauki ɗaya ya rufe kofin shayinsa da shi don ƙuda.

Ina zaune ina kallon fuskar raitar, sai na sa auduga na kankare dattin da ke kanta. Rubutu ya bayyana. Ban ƙware a harkar kwamfuta ba, amma na iya karatu: tana rubuta CD, DVD kuwa karantawa kawai take yi. Faifaina ba jabu ba ne, ita ce ba a yi ta don su ba.

Sai dai wani abu ya tsaya mini a rai. Da idona na sha ganin Baba yana sauke wa mutane bidiyon bikinsu a faifan DVD a wannan kwamfutar. Kuma kwamfutar fara ce, da can fuskarta duk fara ce. Wannan raitar baƙa ce, ba ta ma zauna daidai a gurbinta ba.

"Yaya, wannan ce raitar Baba?"

"To ta wa ce? Datti ne ya sa ta yi baƙi."

"Na goge dattin. Baƙa ce."

Ya ɗaga kafaɗa ya mai da ido kan wayarsa. Na ce zan kai ta wurin mai gyaran da ke tsallaken titi. Nan take ya miƙe zaune.

"Kada ki kai wa wancan. Ɓarawo ne, zai cire miki kaya masu kyau ya sa miki ruɓaɓɓu. Ki bari gobe in kira wani abokina."

"Yau zan gama."

Da ya ga na fara cire wayoyi, sai ya tuna wai yana da alkawari da wani. Ya zura riga ya fice, ya bar ni da kwanuka. Na samo tsohuwar jarida na naɗe akwatin don kada ya taɓa kayana, na rungume shi kamar jinjiri na tsallaka titi a hankali. Wani abu na ta ƙwaranniya a ciki duk takun da na yi.

Shagon mai gyara bai fi faɗin gado ba. Matattun kwamfutoci ne jibge har rufi. Shi kansa mutum ne mai fara'a, sai dai ya tara farce ɗaya a ƙaramin yatsansa, dogo, rawaya. Da shi ya sosa kunne yayin da nake masa bayani, da shi kuma ya fara kwance noti kafin ya nemo sukundireba.

"Sista, ki ɗan ja baya," ya ce. "Na san kwamfutar nan."

Yana zare murfin gefe kyankyasai suka zubo. Manya da ƙanana, jajaye da farare, suka bazu a kan tebur, wasu suka bi hannunsa, wasu suka yi ƙasa suka nufo takalmina. Ban yi ihu ba, amma na samu kaina a bakin titi ban san lokacin da na fita ba. Shi kuwa yana ta bin su da silifa yana dariya.

"Ɗumi suke so. Ga abinci kuma ana ba su, me zai hana su zama?"

Da na dawo ya nuna mini. Ƙasan akwatin ya yi baƙi da kashinsu kamar an barbaɗa barkono. Ga ƙasusuwan kaza da aka riƙa turawa ta wani rami a baya, su ne ke ƙwaranniya. Ga guntayen taba. Fankar ciki ta daskare da ƙura da maiƙo, ta zama kamar soso. A kusurwa ɗaya akwai wani abu busasshe mai jela, wanda bai ce komai a kansa ba, ni ma ban tambaya ba, ya ɗauke shi da filaya ya jefa a kwali. Tushen tsamin nan ke nan. Sannan ya cika kumatu ya hure ƙurar da baki, ta tashi ta sauka a kan farar rigata.

"Malam, don Allah. Ba ka da abin hurawa?"

"Ya lalace, Sista. Yi haƙuri."

Na gaya masa abin da na karanta a fuskar raitar. Ya gyaɗa kai tun kafin in gama.

"Ai ni na sa ta. Yayanki ne ya kawo mini kwamfutar, ya ce in cire ta tsohon in saya, tunda ba a aikin faifai yanzu. Wannan a cikin tarkace na tsinto masa don kada gurbin ya zauna a buɗe. Ban ma ɗauka tana motsi ba."

Ya faɗe shi ne kamar mai ba da labarin ruwan sama. Na tambaye shi ko ta Baba tana nan, ya ce ta daɗe da tafiya. Na tambaye shi ko ita kaɗai aka cire. Ya sosa ƙeya da farcen nan ya ce, to, akwai ɗan abin da ke ƙara wa kwamfuta sauri, shi ma an rage. Na tuna Yaya yana ce masa ɓarawo. Na dubi mutumin da ya sayi kayan marar lafiya ba tare da ya tambayi mai su ba. Na rasa wanda zan fi jin ƙyamarsa a cikinsu.

Amma aiki nake so a yi. Ya tono wata raita daga cikin tsibin, ya ce wannan tana rubuta DVD, ya ɗaura. Muka saka faifaina. Ta tofar. Ya ce wayar ce, ya canza waya. Ta tofar. Ya ce manhajar rubutun ce ta tsufa ba ta gane sabuwar raita ba, ya cire ta ya sa wata, muka yi ta jira ina tsaye don ban yarda da kujerarsa ba. Ta sake tofarwa. Ya fara cewa ko dai faifan ne jabu, na ce masa na riga na ji wannan yau.

Ni da shi muka sunkuya muna duba ƙunshin faifan, muna duba raitar. A jikin faifaina, bayan sunan, akwai 'yar alamar tarawa. A jikin raitar alamar ɗebewa ce kawai.

"Af," ya ce. "Na manta da wannan fitinar. Faifan DVD iri biyu ne. Tsofaffin raita wasu iri ɗaya kawai suke ci."

"Yanzu faifan zan sake saye, ko raitar za ka sake?"

Ya sake shiga tsibin har kafaɗa. Ta ukun da ya fito da ita tana ɗauke da alamomin biyu. Na karɓa na goge ta da sifirit da kaina kafin ya ɗaura. Muka saka faifai. Ta juya shi, ta yi shiru, sai ga akwatin rubutu ya buɗe yana tambayar abin da za a sauke. Ya ce a bar ta a ƙaramin gudu, na ce ko bai faɗa ba.

Baba mutum ne mai tsari. Kowace shekara da foldarta, a ciki kowane aiki da sunan mai shi. Na riƙa ɗiba ina turawa, faifai na cika in buɗe shi in tabbatar hotunan na buɗuwa kafin in sa wani. Har na fara jin sanyi a raina. Sai na nemi foldar da ya sa wa suna Gida, inda yake ajiye namu.

Tana nan, amma ba komai a cikinta.

Na rufe na sake buɗewa. Na bincika da sunan Umma. Na duba kwandon shara na kwamfutar. Abin da na samu a madadinsu finafinai ne, da wasannin ƙwallo da aka sauke, da wasu bidiyoyi da sunayensu kaɗai suka sa na rufe foldar da sauri. Rumbun kwamfutar ya cika maƙil. Wasu shekarun aikin Baba ma babu su, an yi tsalle daga wannan shekara zuwa waccan.

"An goge ne don a samu wuri," in ji mai gyara. "In an daɗe, an riga an rubuta wani abu a kansu. Bari dai mu gwada."

Ya sa wata manhaja mai tono abin da aka goge. Ta daɗe tana aiki, har rana ta karkata. Abin da ta tono ya fi rashinsa ciwo. Hoton Umma a zaune a kujerar shago, daga wuya zuwa ƙasa toka-toka. Hoton ranar da na gama makarantar jinya, rabin fuskata, sauran layuka kore da ja. Wani hoton ya buɗe da goshin Umma da ɗankwalinta, ƙasansa kuma ƙafar ɗan ƙwallo. Kaɗan ne suka fito cikakku. Na sauke su duka a faifai ɗaya, har da masu rabin, don ban iya zaɓar wanda zan bari ba.

Na tarar da Yaya ya dawo shago, yana kwance a kan benci yana cin gyaɗa yana zubar da ɓawon a ƙasa. Na ajiye kwamfutar a bakin ƙofa.

"Ina hotunan Umma?"

Bai tashi ba. "Wuri ne ya cika. Na ɗauka Baba yana da su a wani wurin."

"Ka tambaye shi?"

"Mutumin da ke kwance zan dama da maganar hoto?"

"Raitarsa fa?"

"Wancan munafukin ne ya gaya miki ko? Auta, abin da ba a amfani da shi ne. Kin san yadda kasuwa take kuwa? Ke kina can kina karɓar albashi." Sai ya tashi zaune, ya sassauta murya, ya matso har ina jin warin kifin a numfashinsa. "Kin ga, kada ki gaya wa Baba. Ke ce ma'aikaciyar lafiya, kin fi ni sanin abin da ɓacin rai zai yi wa jininsa. In wani abu ya same shi, ke kika ja."

Duk abin da na gani a ranar, da kyankyasan da mai jelar nan, babu wanda ya ba ni ƙyama kamar wannan maganar. Na ja da baya don kada numfashinsa ya sake taɓa ni. Na ɗauki kwamfutar na tari mota.

A gida, inda Baba ke jinya a wurinmu ni da mijina, ban shigar da ita ɗaki ba. Na bar ta a baranda na feshe ta da maganin ƙwari, na jiƙa kayana a ruwan zafi, na yi wanka har fatata ta yi zafi. Kwamfutata ta hannu ba ta da wurin faifai, sai da na aro ta maƙwabciyarmu. Na auna jinin Baba, na ba shi maganinsa, sannan na zauna kusa da shi na gaya masa komai yadda yake. Ban ƙara ba, ban rage ba.

Ya saurara idonsa a kan rufi. Da na gama ya ce in nuna masa na Umman. Na so in tsallake masu rabin, ya ce a'a, in bar su. Ya daɗe a kan wanda take zaune a kujera.

"Shuɗiyar riga ce a jikinta a nan," ya ce. "Mai ɗinkin zare a hannu."

Bai yi kuka ba, jininsa ma bai hau ba. Ya ce in kira ƙanwar Umma, in tambaye ta ko tana da waɗanda ya taɓa wanke mata. Tana da su, ta kawo a cikin leda bayan kwana biyu, na ɗauke su ɗaya bayan ɗaya da wayata. Ya kuma ce in karɓo makullin shago, ni da mijina mu kwashe abin da ya rage. Mun kwashe da takunkumi a hanci. Labulen da kujerar a bola suka ƙare.

Yaya bai zo ba sai da aka gama komai. Ya shigo ya durƙusa ya gai da Baba, Baba ya amsa masa a taƙaice ya juya fuska bango. Da zai tafi ya same ni a baranda ina shanya. Ya tsaya yana kallon kwamfutar, ya ɗan taɓa fuskarta da ƙafa.

"Auta, wannan sabuwar raitar da aka sa, tunda an gama aikin da ita, akwai wani da ke nema."

Na ajiye abin da ke hannuna, na shiga ciki na ɗauko sukundireban mijina. A gabansa na kwance ta, na naɗe a tawul na kai ɗakina na kulle. Da na fito ya tafi, ya bar ƙofar gida a buɗe.